Idan injin ƙaramin jirgi ya mutu a sama: yadda ake saukar dole

Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ba ya faɗowa kamar dutse don injinsa ya ɗauke. Fukafukai ne ke riƙe da shi, inji turawa kawai yake yi. Muddin iska na ratsa fukafukan da isasshen gudu, jirgin zai ci gaba da jin sitiyari, yana sulalowa ƙasa sannu a hankali. Abin da ke halaka mutane a yawancin irin wannan haɗari shi ne matuƙi ya bari gudun ya ragu har fiffike ya saki iska, abin da matuƙa ke kira sitol, alhali jirgin na dab da ƙasa. Duk matakan da za su biyo baya a kan hana wannan aka gina su.

Za a yi misali da Cessna 172S, mai injin Lycoming na ƙarfin doki 180, don shi ne jirgin da aka fi koyon tuƙi da shi a duniya. Alƙaluman gudu da not aka ba da su, wato mil ɗaya na teku a awa, kimanin kilomita 1.85. Kowane jirgi da nasa alƙaluma, kuma littafin jirgin da kake tuƙawa shi ne mai yanke hukunci.

Daƙiƙu goma na farko

Da inji ya yi shiru, ko ya fara tari da karkarwa, hannu ya fara zuwa sitiyari kafin ko'ina. Kai jirgin gudun sulalowa mafi nisa: not 68 a 172S, not 65 a tsofaffin 172N da 172P, not 73 a Piper Warrior. In kana tafiya da not 110 lokacin da abin ya faru, kada ka tura hanci ƙasa da gaggawa. Riƙe tsayinka, ka bar gudun ya sauko da kansa zuwa 68, rarar gudun ta zama maka ribar lokaci. In kuwa hawa kake yi, hanci na sama, to tura sitiyari nan take, turawa ta sosai, domin a wannan yanayin gudu na zubewa cikin daƙiƙu kaɗan.

Sannan ka murɗa keken tirim, wato keken da ke daidaita zaman hancin jirgi, har jirgin ya zauna a kan wannan gudun ko da ka sassauta hannu. Mutane na raina wannan mataki, alhali shi ne ke ba ka damar duba ƙasa da taɓa maɓallai ba tare da gudun ya kuɓuce maka ba.

Yanzu lissafi. Cessna 172 na sulala kimanin ƙafa 9 gaba a kan kowace ƙafa 1 da ya sauko. Wato kowace ƙafa 1,000 ta tsayi tana ba ka kusan kilomita 2.8 in babu iska, kuma kana asarar ƙafa 700 zuwa 800 a minti. Daga ƙafa 5,000 sama da ƙasa kana da wajen minti shida da kilomita 14. Minti shida lokaci ne mai yawa ga wanda ya san abin da zai yi da shi.

A kula, agogon tsayi daga teku yake ƙirgawa. Filin jirgin Kano na kan kusan ƙafa 1,560, na Jos ya haura 4,200. In agogo na nuna 5,500 a saman tsaunin Jos, abin da ke hannunka bai wuce ƙafa 1,300 ba, wato ƙasa da minti biyu.

Zaɓen wurin sauka

Fara da duba ƙarƙashinka da bayanka. Sau da yawa fili mafi kyau shi ne wanda ka wuce yanzu-yanzu, amma ido gaba yake son kallo. Karkata fiffike ka leƙa. In na'urar GPS ɗinka na da maɓallin filin jirgi mafi kusa, danna shi, amma kada ka yarda da filin da ke bakin iyakar lissafinka. Gonar da ka tabbata za ka kai ta fi titin kwalta da kake fatan kaiwa.

Ga yadda ake gane inda za ka iya kaiwa. Bayan gudu ya zauna, kalli ƙasa ta gilashin gaba. Duk wurin da ke yin ƙasa a gilashin, za ka wuce shi. Wanda ke hawa sama, ba za ka kai shi ba, ko me ka yi. Wanda ya tsaya cik ba ya motsi, nan sulalowarka za ta ƙare. Zaɓi filin da ke cikin na farkon.

Iska ita ce ta biyu. Sauka kana fuskantarta na rage gudun da za ka taɓa ƙasa da shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu huɗu yake ninkawa. Hayaƙi, ƙura, da yadda ruwa ke kwanciya lumui a gefen tafkin da iska ke fitowa, duk suna nuna inda take kaɗawa. A ƙasashen Hausa da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, sai dai guguwar gaban hadari takan juya komai. In kana sulalowa cikin iska mai ƙarfi ta gaba, ƙara wa gudunka wajen sulusin ƙarfin iskar, in ba haka ba za ka daɗe a sama kana tafiya kaɗan.

Sai irin ƙasar. Cessna 172 na buƙatar kusan mita 175 na gangarawa a kan busasshiyar kwalta, da wajen mita 400 in sai ya tsallake bishiya mai ƙafa 50 a bakin fili. A gona ka nemi fiye da haka in da hali. Gonar da aka girbe ta fi wadda amfani ke tsaye. Inda aka yi huɗa, bi tsawon kunya. In ka yanka kunyoyi a gicciye, tayar gaba za ta cije jirgin ya kifa, don haka bin kunya ya fi muhimmanci ko da iska za ta ɗan zo ta gefe. Kore shar a tsakiyar rani yawanci fadama ce, ƙasarta na da laushi, tana da ramukan ban-ruwa. Suri kuwa ba a ganinsa daga ƙafa 3,000, kuma taurinsa kamar siminti ne. Ƙananan inuwoyi da ke warwatse a fili su ne alamarsa. Busasshen kogi na ruɗar ido don ya yi fari sumul, amma yashinsa kan nutsar da taya. Fili mai gangare a sauka ana hawa, ba ana gangarawa ba.

Hanyar mota tana jan hankali, kuma wani lokaci ita ce mafita, amma faɗin fukafukan 172 mita 11 ne, ga turaku, alluna, da motoci. Wayar lantarki ba a ganinta daga sama sai an iso ta. Turakunta ake nema: duk inda ka ga turaku biyu, ɗauka akwai waya tsakaninsu.

Da ka zaɓa, ka tsaya a kan zaɓinka. Canza fili sau ɗaya tun kana sama ba laifi, amma canzawa a ƙafa 500 shi ne yadda ake rasa duka biyun.

Ƙoƙarin tayar da inji

Sai ka juya hanci wajen filin kafin ka fara laluben dalili. A 172S hannu na bi ne daga ƙasa zuwa sama: mariƙin rufe mai a ture ciki, makarkatar tanki a kan BOTH, wato duka tankunan biyu, famfon mai na lantarki a kunne, jan mariƙi, wato mai launin ja na gaurin mai da iska, a ture ciki gaba ɗaya, makulli a kan BOTH. In farfela na juyawa da ƙarfin iska, inji zai kama da kansa da zarar mai da wuta sun dawo. In ta tsaya, sai a murɗa makulli zuwa START. Idan ya tashi, a kashe famfon, sai dai in mai ya sake yankewa, wanda ke nuna famfon da inji ke juyawa ne ya lalace, a mayar da na lantarkin.

Juyawar farfela kan yaudari mutum. Tana iya wulwulawa, allurar RPM, wato mai ƙirga juyawar inji a minti, na nuna wani abu, alhali inji a mace yake. Tura totur ka ji ko ya amsa.

A jiragen Piper irin Warrior da Archer babu BOTH, hagu ne ko dama ko a rufe. Nan matakin farko shi ne kunna famfo da komawa ɗaya tankin, a kuma ba shi kamar daƙiƙa goma, don bututun da ya shaƙi iska ba ya cika nan take. Jirage da yawa sun sauka a gona da tanki guda cike fal. Mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a ranar 12 ga Oktoban 1997 a gaɓar Kalifoniya cikin jirgin Long-EZ wanda aka sa makarkatar tankinsa a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Masu bincike sun kammala cewa juyawar da ya yi don ya kamo ta ce ta sa jirgin ya kuɓuce masa. Ka san inda makarkatarka take, ka iya juya ta ido a rufe.

In jirgin mai kafireta ne, ja mariƙin zafin kafireta har ƙarshe tun da wuri. A cikin maƙogwaron kafireta iska na matsewa, mai na zama tururi, zafi na iya faɗuwa da digiri 20 zuwa 30, sai laimar da ke cikin iska ta daskare ta toshe hanya. Ba sai ana sanyi ba. Safiyar damina mai digiri 22 da raɓa ta isa, musamman in an rage totur ana saukowa. Alamar farko ita ce RPM na raguwa sannu-sannu ba ka taɓa komai ba. Da ka ja mariƙin, inji zai ƙara yin tari, domin ƙanƙarar na narkewa yana haɗiye ruwan. A nan masu tsoro ke mayar da mariƙin, su koma gidan jiya. Bar shi a ja, ka ba shi rabin minti zuwa minti ɗaya ko fiye. Kuma zafin daga salansa yake fitowa, in ka jira har inji ya mutu ya huce, babu sauran zafin da zai narkar da komai.

Inji mai karkarwa kuma a gwada makulli a kan L, sannan R, wato magneto na hagu, sannan na dama. Magneto biyu ne ke ba fulogi wuta, kowace silinda da fulogi biyu. In ɗaya ya rikice yana ba da wuta ba kan lokaci ba, inji zai fi lafiya a kan ɗayan shi kaɗai. Bar shi a can ka nufi fili.

Akwai inda ba a ɓata lokaci da tayarwa. In baƙin mai ya fantsamo gilashi, ko an ji ƙarar ƙarfe ya karye farfela ta ƙame, injin ya gama. In wuta ce, tayarwa haramun ne: a ja jan mariƙi waje, a rufe mai, a kashe famfo da babban makunni, a rufe hanyar ɗumama ɗaki, a sa hanci ƙasa zuwa not 100 ko fiye don iska ta kashe wutar.

Rediyo da fasinja

In kana magana da hasumiya ko wani mai kula da zirga-zirga, kada ka canza tasha, faɗa masa. In ba kowa, koma 121.5, tashar neman agaji. Ka ce Mayday sau uku, lambar jirgi, abin da ya faru, inda kake, abin da za ka yi, da yawan mutanen da ke ciki. Sa 7700, lambar gaggawa, a taransifonda, na'urar da ke nuna jirginka a allon masu kula da zirga-zirga. Kunna na'urar neman ɗauki ta ELT da hannu tun kana sama in tana da makunni a gabanka, kada ka dogara bugu ya tashe ta. Tun 1 ga Fabrairun 2009 taurarin ɗan'adam suka daina sauraron 121.5, sai tashar 406 ta sababbin na'urori kaɗai, don haka tsohuwar na'ura galibi sai jirgin da ke wucewa ne zai ji ta. Mai rediyo ba zai iya sauke maka jirgi ba. In tambayoyinsa sun yi yawa, ƙyale shi.

Fasinja a gaya musu a taƙaice: a ɗaure bel tamau, har da na kafaɗa, kujera ta kulle, a cire tabarau da biro daga aljihu, jaka ta koma ƙasa, riga mai kauri ko matashi a kare fuska.

Shigowa fili

Burinka shi ne ka kasance a ƙafa 1,000 sama da ƙasa, gefe da wurin da kake son taɓawa, iska na bayanka, nisan kamar kilomita ɗaya daga filin. Daga nan saukar ta zama irin wadda ka saba yi a titin jirgi. In ka iso da rarar tsayi, yi zagaye a saman filin, kada ka yi nisa da shi, kada kuma ka ba shi baya na dogon lokaci.

Auna ƙarshen sulusin farko na filin, ba bakinsa ba. Dalili: wanda ya wuce ya bugi shingen ƙarshe yana gangarawa da not 20 zai fito da ƙafarsa, wanda ya gaza ya bugi bishiyar bakin fili da not 65 ba lallai ba. Tsayi in ya yi yawa akwai maganinsa. Akwai fulaf, wato faifan bayan fiffike, akwai zamiyar gefe inda ake karkata fiffike ɗaya a taka fedar juya hanci ta ɗaya ɓangaren, akwai faɗaɗa kwana. In ya yi kaɗan babu magani. Saboda haka kada ka sauke fulaf sai ka tabbata ka kai: digiri 10 tukuna, 20 in kana kan layi, 30 in filin ya zama naka. Gudu not 70 babu fulaf, 65 da fulaf.

In ka ga za ka gaza, jikinka zai ce ka ja sitiyari. Kada ka ja. Ɗaga hanci ƙasa da gudun sulalowa rage nisa yake yi, ƙarshensa sitol. Karɓi wurin da jirgin zai kai, ka nemi mafi taushinsa.

Kafin taɓawa a rufe komai: jan mariƙi waje, mai a rufe, makulli OFF. Babban makunni shi ne na ƙarshe, domin fulaf na 172 da lantarki yake aiki, in ka kashe da wuri ka rasa shi. Buɗe sakatar ƙofofi, in da hali a cusa takalmi ko riga a bakin ƙofa, don in jikin jirgi ya lanƙwashe ƙofar da ke kulle ba ta buɗuwa. Taɓa ƙasa da manyan tayoyi, wutsiya ɗan ƙasa, a mafi ƙarancin gudu, sitiyari a ja har ciki don sauƙaƙa wa tayar gaba, sannan birki.

In babu fili sam, to jirgin ya zama abin sadaukarwa. An gina ɗakin irin waɗannan jirage ya jure tsayawa mai ƙarfin nauyi sau 9. A gudun kilomita 80 a awa, mita 3 kacal ake buƙata don tsayawa a wannan ma'auni, a kilomita 160 kuwa sai fiye da mita 11. Wato ciyayi, dawa a tsaye, ƙananan bishiyoyi, duk birki ne. Sa hanci tsakanin bishiyoyi biyu fukafukai su sha bugun tare. Abin gudu shi ne hanci ya soki ƙasa, ko fiffike ɗaya ya fara taɓawa jirgin ya yi katantanwa. A ranar 5 ga Maris 2015 injin tsohon jirgin Ryan na ɗan fim Harrison Ford ya mutu jim kaɗan bayan tashi daga Santa Monika, saboda wani ɗan bututun mai da ya kwance cikin kafireta. Bai kai titi ba, ya taɓa kan bishiya ya sauka a filin wasan golf. Jirgin ya lalace, shi ya ji rauni sosai, amma ya rayu don jirgin na hannunsa har ƙasa.

Mai jirgin Cirrus SR20 ko SR22 yana da laimar da ke sauke jirgin ɗungurungum. Kuskuren da aka sani da ita shi ne jinkirin ja har tsayi ya ƙare.

Mutuwar inji dab da tashi

Wannan ce mafi muni, kuma ba ta ba da lokacin tunani. In inji ya yi gardama kana kan titi, rufe totur, taka birki, ko da za ka fita ƙarshen titin. In ka riga ka tashi, tura hanci zuwa not 70, ka sauka a abin da ke gabanka, cikin digiri 30 hagu ko dama.

Zuciya za ta ce ka koma titin da ka baro. Ga abin da ke hana hakan. Mutum kan yi kamar daƙiƙa huɗu kafin ya yarda abin da ke faruwa gaskiya ne, gudu na zuba a lokacin. Komawa ba juyin digiri 180 ba ne, don bayan ka juya kana gefe da titin, sai ka ƙara kwana ka gyara, jimilla wajen 270. A karkatar digiri 45 gudun sitol na ƙaruwa da kashi 19 cikin 100, a digiri 60 da kashi 41. Matuƙi na ganin ƙasa na tasowa, ya ja sitiyari, ya taka feda don hanci ya juyo da sauri, fiffiken ciki ya saki iska, jirgin ya kife. A ƙafa 400 babu mai farfaɗowa daga wannan. Ko ka juyo lafiya, iska na bayanka za ka sauka. Ƙasa da ƙafa 1,000 kada ka gwada, sai in ka auna jirginka da malami a sama can, ka san ainihin tsayin da yake ci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka tura totur, faɗa da bakinka: in ya mutu a titi zan tsaya, ƙasa da tsayi kaza zan sauka gaba a fili kaza, sama da haka zan juya ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Raguwar ƙarfi ta fi mutuwa ɗungurungum yaudara. Hukumar binciken haɗurra ta Ostareliya ta gano cewa bayan tashi, raguwar ta ninka mutuwar gaba ɗaya kusan sau uku a yawa. Inji na numfashi, matuƙi na sa rai, yana jan sitiyari don riƙe tsayin da ƙarfin bai isa ba. In ba ka iya riƙe tsayi a gudun sulalowa, ɗauke shi matacce. In kana iyawa, hau in da hali, bi ta kan filaye, ka sauka a wuri mafi kusa. Haka in allurar matsin baƙin mai ta faɗi, ta zafi ta hau: mintoci suka rage masa.

Abin da ake kamawa tun a ƙasa

Mai shi ne kan gaba cikin dalilan da matuƙi ke jawowa da hannunsa. Kada ka gaskata allura, hau ka buɗe murfi ka tsoma sandar awo. 172S na ɗaukar galan 56, 53 ne ake iya ƙonawa, yana cin 8 zuwa 10 a awa. Dokar Amurka ta ce a bar rarar minti 30 da rana, 45 da dare. Awa guda ta fi hankali, balle da hunturu lokacin da hazo kan rufe fili a tilasta maka zuwa wani.

Tsiyayi mai daga kowace kafa ta ƙasan tanki, 13 ne a 172S. Man 100LL, wanda irin waɗannan jirage ke sha, shuɗi ne mai haske. Ruwa ya fi shi nauyi, yana kwanciya a gindin kofi kamar ƙwallayen gilashi. In kofin ya fito fari tas babu shuɗi, shinshina, wataƙila ruwa ne zalla. Ruwan na shiga ta tsohuwar robar murfi bayan ruwan sama, ko daga duro. In ana zargin an gauraya da Jet A-1, man manyan jirage, ɗiga a farar takarda: 100LL na bushewa ba tabo, Jet A-1 na barin maiƙo da warin kananzir. A filin da jiragen Diamond masu shan Jet A-1, irin na kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ke tsayawa kusa da masu shan 100LL, tsaya a wurin da kanka lokacin da ake zuba mai.

Baƙin mai kada ya gaza kwat 5 cikin 8. A gwajin inji a RPM 1,800, faɗuwar kowane magneto kada ta wuce 150, bambancinsu kada ya wuce 50. In babu faɗuwa ko kaɗan, shi ma matsala ce, wataƙila wayar kashe magneto ta tsinke. A fili mai tsayi da zafi kuma inji lafiyayye ma rauni yake yi, kusan kashi 3 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000. Jos a digiri 30 inji na jin kamar yana ƙafa 7,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ya tafi, sai an rage gaurin mai yadda littafi ya ce kafin tashi.

Bayan jirgi ya tsaya, kowa ya fita, a koma ɓangaren da iska ke fitowa, nesa da mai. In daji ne a zauna kusa da jirgin, shi masu nema ke hangowa, a bar ELT a kunne. Kada a taɓa makarkata ko maɓalli bayan an tabbatar babu haɗarin wuta, masu bincike za su so ganinsu yadda suke. A Najeriya hukumar binciken haɗurra ta NSIB ake sanar wa.